Me ya sa B.B. King yake sakin jita idan zai buɗe baki?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai tuƙa tarakta a gonakin shinkafa na wajen Auyo. Ya ce a cikin bidiyoyin da aka tura masa a waya akwai na wani baƙin dattijo mai jiki, sanye da kwat, rungume da baƙar jita, ana kiransa B.B. King. Yana so ya san ko wane ne mutumin, me ya sa ba ya haɗa waƙa da kiɗa a lokaci ɗaya, kuma me ya sa kukan jitar tasa yake tuna masa da kukuma. Ya ƙara da cewa ya sayi tsohuwar jita yana koyo a ɓoye, domin mahaifinsa ya ce wannan kiɗan 'yan iska ne.

Ɗana, kunnenka bai yaudare ka ba. Na yi shekara 11 ina kaɗa jita a wata ƙungiya a Sabon Garin Kano kafin na dawo gida na kama noma da gyaran amfilifaya. Wani abokin aikina ɗan Gana ne ya fara ɗora mini faifan mutumin nan, kuma sai da na daɗe ina sauraro kafin na lura da abin da kai ka gane cikin 'yan kwanaki. Sakin jitar da yake yi idan zai rera, da rufe bakin da yake yi idan zai kaɗa, su ne sirrin kiɗan nasa. Amma ba za ka gane dalili ba sai ka san inda ya fito, kuma zan fara da abin da zai faranta maka rai: abokin sana'arka ne. Direban tarakta ne kafin duniya ta san shi.

Iyayensa sun raɗa masa suna Riley. An haife shi ranar 16 ga Satumba, 1925, a wata gonar auduga kusa da garin Itta Bena a jihar Misisipi ta kudancin Amurka. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, baƙa wuluk, mai albarka, wadda kogi yake ciyarwa kuma yake cinyewa. Bai cika shekara biyu ba aka yi babbar ambaliyar 1927. Mu da muke zaune a bakin fadamar Haɗeja ba sai an yi mana bayanin irin wannan ƙasa ba. Bambancin shi ne, a can yawancin manoma baƙaƙen fata ba su da ko taki ɗaya na kansu. An soke bauta a 1865, aka ba su 'yanci amma ba a ba su gona ba. Mai gona farar fata zai ba ka fili da ɗaki da alfadari da iri, ya riƙa ba ka gari da gishiri bashi daga kantinsa. In kaka ta yi a raba auduga biyu, a cire bashin daga naka rabon, littafin lissafin kuma yana hannunsa shi kaɗai. Ka ɗauki ba-da-kaka irin namu, ka ce wanda ya ba ka bashin shi ne mai gonar, shi ne mai kasuwar, kuma alƙali abokinsa ne. Riley ya ce a lokacinsa santi 35 ake biya a kan tsintar audugar da ta kai nauyin kilo 45. Ya kuma taɓa lissafa cewa tafiyar da ya yi a bayan alfadari riƙe da garma ta isa a zagaya duniya.

Iyayensa sun rabu yana ƙarami. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 9, kakarsa da ta riƙe shi ta bi bayanta yana ɗan 14. Ya zauna shi kaɗai a ɗakin katako yana noma ɗan fili, ya ƙare shekara da bashi a kansa. Ya je wajen mahaifinsa a Lexington, a can ya ga an rataye wani baƙar fata a bainar jama'a, abin da ya ce bai taɓa fita daga idonsa ba. Yana kuma da in'ina a lokacin. Duk sanda na tuna wannan yarinta sai Ɗan Maraya Jos ya faɗo mini a rai. Shi ma maraici ne ya ba shi suna, kuma kuntigi ya zame masa abokin hira.

Jitar farko da ya taɓa ta wani limamin coci ce mai suna Archie Fair, wanda yake kaɗa ta a lokacin ibadarsu. Shi ya nuna masa salo uku na danne tsirkiya. Daga baya wani mai gona da yake yi wa aiki ya saya masa jita ta dala 15, aka riƙa cirewa daga ladansa. Burinsa a lokacin ya zama mai wa'azi ko mawaƙin coci, kuma ya shiga ƙungiyar masu waƙoƙin addini bayan ya koma Indianola a 1943. Abin da ya karkatar da shi kuɗin cefane ne. Ranar Asabar da yamma yakan zauna a bakin titi da jitarsa. Ya sha faɗa cewa in ya rera waƙar coci sai a yaba masa a wuce, in ya rera buluz sai a jefa masa kuɗi. Su ma mutanen cocinsu kiɗan shaiɗan suke kiran buluz, don haka maganar da mahaifinka ya faɗa maka, Riley ya ji irinta tun kafin a haifi mahaifinka.

Buluz ɗin nan kuwa waƙar mutum ɗaya ce da abin da ya dame shi: mace ta tafi, bashi ya taru, ruwa ya ci gona, aljihu ya bushe. Tsarinta mai sauƙi ne. Ka faɗi layi ɗaya, ka maimaita shi, sai layi na uku ya zo ya warware ko ya ƙara ɗaure zancen. Kuma bayan kowane layi akwai gurbi da aka bari, wanda tsawonsa ya kusa kai na layin kansa. Ka riƙe maganar gurbin nan, za mu dawo kanta.

A Indianola ya zama direban tarakta a gonar wani mai suna Johnson Barrett, yana ɗaukar dala 22.50 a mako, babban matsayi ga ɗan gona. Aikin ma shi ya sa sojoji suka sallamo shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don ana buƙatar masu tuƙa injin noma. A 1946 wata yamma ya dawo da tarakta rumfa, ya kashe ya diro. Ka san halin tsohon inji in ya yi zafi, ka kashe shi amma ya sake tari ya zabura. Taraktar ta yi gaba, salansar da ke tsaye a samanta ta daki rufin rumfar ta karye. Tsoro ya kama shi. Ya ɗauki jitarsa da dala 2.50 a aljihu ya nufi Memfis, tafiyar da ta kai kusan nisan Haɗeja zuwa Kano.

A Memfis ya sauka wajen wani ɗan'uwan mahaifiyarsa, Bukka White, wanda tuni ya yi suna a buluz. Wata kusan 10 ya yi tare da shi. Bukka yana sa wani bututun ƙarfe a yatsa yana goga shi a kan tsirkiya, sautin ya riƙa zamewa yana karkarwa kamar muryar mai kuka. Riley ya yi ta gwadawa, hannunsa ya ƙi. Da ya ga bututu ya gagare shi, sai ya nemi ya fitar da wannan karkarwa da tsurar yatsa. Ya danne tsirkiya da ɗan ali, ya saki wuyan jitar daga tafinsa, ya riƙa kaɗa wuyan hannu da sauri kamar fiffiken malam-buɗe-littafi. Ka koma ka kalli bidiyon, ka bar fuskarsa ka dubi hannun hagu. Wannan kaɗawar ita ce tambarinsa, kuma kusan duk mai jitar lantarki da ya zo bayansa ya ɗebi wani abu daga cikinta. Abin da ya kasa ne ya haifa masa abin da ya fi kowa.

Bayan wata 10 ɗin ya koma gida. Ya je ya tsaya gaban Barrett, ya koma kan tarakta, ya yi aiki har ya biya kuɗin ɓarnar, sannan ya sake tafiya Memfis a ƙarshen 1948 da hankali kwance. A duk tarihinsa babu wurin da yake burge ni kamar nan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ne yake dawowa da ƙafarsa ya biya ba.

Wannan karon ƙofa ta buɗe. Mai busa Sonny Boy Williamson ya ba shi dama a shirinsa na rediyo, sannan ya sami gurbin minti 10 a tashar WDIA, tashar farko a Amurka da ta mayar da shirye-shiryenta kacokan ga baƙaƙen fata. Aikinsa tallar wani maganin ƙarin ƙarfi mai suna Pepticon. Daga nan ya zama mai gabatar da faya-fayai, ana yi masa laƙabi da yaron buluz na titin Beale da ke Memfis, wato Blues Boy da Turanci, laƙabin da aka taƙaita ya koma B.B. Zaman nan a rediyo makaranta ce, domin kullum yana cikin faya-fayan wasu. Ya riga ya ƙaunaci Lonnie Johnson da Blind Lemon Jefferson tun yana yaro, amma wanda ya sa ya rantse sai ya mallaki jitar lantarki shi ne T-Bone Walker. Ya fara ɗaukar faifai a 1949, kuma a farkon 1952 waƙarsa "3 O'Clock Blues", wadda aka ɗauka a wani ɗakin taro a Memfis, ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin baƙaƙen fata na ƙasar.

Yanzu ga maganar kukuma, kuma a nan sana'ata ta gyara za ta yi amfani. In ka fizgi tsirkiyar kuntigi ko ta gurmi, sautin yana fita da ƙarfi ya mutu nan take. Shi ya sa mai kuntigi ba ya tsayar da hannu. Goge da kukuma kuwa izga ce take goga izga, don haka sauti ɗaya zai iya tsawaita har sai hannu ya gaji, kamar numfashin mutum. Jitar katako 'yar gidan su kuntigi ce. Ta lantarki kuma akwai maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyinta, an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, kamar kwayil ɗin janareta. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ta haifar da 'yar ƙaramar wuta, amfilifaya ta kumbura ta, lasifika ta fitar. Ko da girgizar ta yi rauni har kunne ba zai ji ba, amfilifaya tana ji tana ɗagawa. Ta haka abin da ake fizga ya sami dogon numfashi irin na abin da ake gogawa. B.B. King yana cikin na farkon da suka gane cewa amfanin lantarki bai tsaya ga ƙara ba, tsawon rai yake ba sauti.

Akwai abu na biyu. Wuyan jita yana da ƙarafuna da aka gitta, kowanne da sautinsa, babu komai a tsakani. Wuyan kukuma da na gurmi ba su da wannan shinge, yatsa yana zamewa inda ya so. Muryar ɗan Adam ma haka take. To shi sai ya riƙa danne tsirkiya yana tura ta sama da yatsa, ta ƙara ɗamewa, sautin ya hau a hankali ya tsaya a tsakanin ƙarfe da ƙarfe, inda Turawa ba su ajiye masa suna ba. Ka haɗa wannan da karkarwar da na faɗa maka, ka haɗa da cewa yawancin kiɗan buluz a kan sautuka biyar yake yawo kamar yawancin namu, ka ga dalilin da ya sa ka ji Ahmadu Doka a cikin jitar mutumin Misisipi.

Masana sun bi sawun wannan kamanni. Wani ɗan Ostiriya mai suna Gerhard Kubik ya ɗora kiɗan wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru kusa da na wani mawaƙin Misisipi, ya nuna yadda salon murya da tafiyar tsirkiya suka yi kusa. Ra'ayinsa shi ne jijiyar buluz ta fi komawa ƙasashenmu na sahel masu goge da garaya da molo, fiye da bakin teku masu manyan ganguna. Akwai hujja a tarihi ma: a wasu yankunan Amurka an hana bayi ganga da doka, kamar a Karolaina ta Kudu a 1740, don tsoron kada su kira juna tawaye da ita, amma an bar musu abin tsirkiya. Banjo na farko ƙwarya ce da aka rufe da fata aka sa mata wuya, wato 'yar'uwar gurmi. Sai dai ina jan kunnenka, kada ka bi masu cewa buluz kiɗanmu ne aka sace. Iri ya tafi daga wannan nahiya, gaskiya ne, amma a gonar audugar Misisipi ya tsiro, da hawayen mutanen da suka sha wahalar da mu ba mu sha ba. Nasu ne.

To me ya sa ba ya haɗa waƙa da kiɗa? Shi da bakinsa ya faɗa ba sau ɗaya ba cewa bai iya ba, kuma bai ƙware a kaɗa tsirkiyoyi da yawa tare don raka waƙa ba. Wannan aikin ya bar wa 'yan ƙungiyarsa, masu fiyano da masu busa. Amma ni ina ganin abin ya wuce rashin iyawa. Ka tuna gurbin nan da na ce ana bari bayan kowane layi. A wajen Shata, 'yan amshi ne suke cike shi. A wajen Haruna Uji na Haɗeja, in ya ajiye magana gurmin ne yake ɗauka ya ƙarasa. B.B. King ya taso a cocin da mai wa'azi yake faɗa jama'a suna amsawa, sai ya mayar da jitarsa 'yar amshi. Ba irin amshin da ake maimaita abu ɗaya ba, amshi mai ra'ayin kansa. Wani lokaci ta yarda da shi, wani lokaci ta yi masa gardama, wani lokaci ta faɗi abin da ya ji nauyin faɗa. Mutum biyu masu mutunta juna ba sa magana tare. Shi ya sa sautukansa ba su da yawa. Na ga yara masu gudun yatsa da za su zuba sauti hamsin inda shi zai ajiye uku, amma ukun nan za ka iya rera su da baki bayan shekara, hamsin ɗin kuwa kafin ka kai gida sun zube.

Har suna ya sa mata, Lucille, kuma sunan yana da labari. A hunturun 1949 yana wasa a wani gidan rawa a ƙauyen Twist na jihar Akansas. Don ɗumama ɗakin an kunna kananzir a cikin rabin duro a tsakiyar fili. Maza biyu suka kaure da faɗa suka ture duron, wuta ta malala. Kowa ya fita, shi ma ya fita, sai ya tuna jitarsa ta dala 30 tana ciki. Ya koma cikin wutar ya ɗauko ta, gini yana rushewa a bayansa. Mutum biyu sun mutu a gobarar. Washegari ya ji cewa a kan wata mata mai suna Lucille aka yi faɗan, sai ya sa wa jitar sunan don ya riƙa tuna wa kansa kada ya sake irin wannan ganganci. Duk jitar da ya riƙe bayan nan sunanta ke nan. Wadda ka gani baƙar nan ƙirar kamfanin Gibson ce. Irinta tana da rami a ciki da ƙofofi biyu a fuska, kuma in an ƙure ƙara sai ta riƙa irin kukan da lasifikar masallaci take yi idan makirufo ya matso kusa. Da tsumma yake toshe ƙofofin, har a farkon shekarun 1980 kamfanin ya ƙera masa tasa marar ƙofa.

Sauran rayuwarsa hanya ce. A 1956 kaɗai ya yi wasa 342, yau wannan gari gobe wancan, a cikin bas da 'yan ƙungiyarsa, a kudancin da baƙar fata ba ya kwana a otal ɗin Turawa, ba ya cin abinci sai ta ƙofar baya. A 1958 bas ɗin ya yi karo da tankar mai a Teksas a daidai lokacin da inshorarsa ta yanke, ya yi shekaru yana biyan bashin. Masu kamfanin faifansa na farko kuma suna liƙa wasu sunaye na aro kusa da nasa a matsayin waɗanda suka tsara waƙa tare da shi, don su ci rabin kuɗin. Wannan ciwon na san shi. Mun taɓa yi wa wani mai otal wasa wata uku, ranar biya ya ce abincin da muka ci ya cinye ladan.

Abin da ya fi bashi ciwo shi ne lokacin da nasa suka juya masa baya. A farkon shekarun 1960 matasan baƙaƙen fata sun koma sababbin kiɗa, suna ganin buluz kayan gonar auduga ne, abin da suke so su manta. A Baltimore yara sun yi masa ihu tun kafin ya fara, ya yi waƙar yana hawaye. Duk da haka a tsakiyar wannan koma-baya ne, ranar 21 ga Nuwamba, 1964, aka ɗauki wasansa a gidan Regal na Shikago. In za ka nemi abu ɗaya nasa, nemi wannan. Za ka ji mata suna amsa wa jitar da guɗa irin tasu, za ka ji amshin ya zama na mutum uku: shi, Lucille, da jama'a.

Ceto ya zo ta inda bai zata ba. Samarin Turawa na Ingila da Amurka, irin su Eric Clapton da Mike Bloomfield, sun koyi jita daga faya-fayansa, kuma duk inda aka tambaye su sai su ambaci sunansa. Wajen 1967 aka gayyace shi gidan Fillmore a San Faransisko. Da ya ga layin yara farare masu dogon gashi ya ɗauka an kawo shi wurin da ba nan ba ne. Ana kiran sunansa suka miƙe tsaye gaba ɗaya suna tafi, abin da ba a taɓa yi masa ba, ya tsaya yana kuka. A 1969 ya zagaya Amurka tare da ƙungiyar makaɗan Ingila ta Rolling Stones, kuma a ƙarshen shekarar "The Thrill Is Gone" ta fito, wadda aka yi wa shimfiɗa da gogen Turawa a bayan jitar. Ita ta kawo masa lambar yabon kiɗa ta Grammy ta farko cikin 15 da ya samu. Yana da shekara 44 a lokacin, ya riga ya yi shekara 20 a kan hanya.

Da ya samu bai manta da na ƙasa ba. Ranar 10 ga Satumba, 1970, ya yi wasa a gidan yarin Cook County na Shikago a gaban fursunoni sama da 2,000, yawancinsu baƙaƙen samari, kuma ya ci gaba da shiga gidajen yari shekaru da yawa. A 1974 ya zo Kinshasa bikin kiɗan da aka shirya don damben Muhammad Ali da George Foreman. A 1979 ya je Tarayyar Sobiyet. Mutumin da bai gama sakandare ba ya koyi tuƙin jirgin sama har ya sami lasisi a 1963.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba, domin a nan ne maganar mahaifinka take da ƙafa. Aurensa biyu duk sun mutu, hanya ta cinye su. Ya amsa cewa yana da 'ya'ya 15 daga mata daban-daban, ya ciyar da su amma bai zauna da su ba, kuma shi kansa ya yarda bai zama uban da ya kamata ba. Caca ta ci masa dukiya mai yawa, hukumar haraji ta bi shi shekaru. Gidajen da kiɗan nan ya girma a cikinsu gidajen giya ne da faɗa, gobarar Twist shaida ce. Dattijon da ya ce yana tsoron ɗansa ya faɗa irin wannan rayuwa ba jahilci yake yi ba, ƙauna yake yi. Hukuncin kiɗa a addini kuma fagen malamai ne, ka je ka zauna da wanda ka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa.

Abin da zan iya faɗa maka daga raina shi ne maganar ɓoyon. Ni ma na ɓoye wa mahaifina. Shekara huɗu yana zaton gyaran rediyo kawai nake yi a Kano, har wani ɗan garinmu ya gan ni ya kawo labari. Bai yi mini faɗa a kan jitar kamar yadda ya yi a kan ƙaryar ba, kuma har Allah ya karɓi ransa akwai wani abu tsakaninmu da bai koma daidai ba. Kai kana da sana'a a hannu, kana kawo abin cefane gida, ba yawon dare kake yi ba. Ka sami baffanka ko wani aminin mahaifinka ya raka ka, ka durƙusa ka faɗa masa gaskiya: ga abin da na saya, ga lokacin da nake taɓawa, ga inda ba zan kai shi ba. In ya ce a'a, ka rataye ta. Jita ba ta ruɓewa, zuciyar uba kuma tana saukowa in ta ga ba a yi mata wayo ba.

Shi dai B.B. King ciwon suga ya kama shi, ya koma wasa a zaune, amma bai bar hanya ba sai Oktoban 2014. Ya rasu a Las Vegas ranar 14 ga Mayu, 2015, yana da shekara 89. Aka bi da gawarsa ta titin Beale, aka gangara da ita kudu zuwa Indianola, aka binne shi a harabar gidan tarihin da aka gina da sunansa, wanda ya haɗa da tsohon gidan gurzar audugar da ya taɓa yi wa aiki yana saurayi. Mako biyar bayan rasuwarsa, ranar 20 ga Yuni, Ɗan Maraya ya rasu a Jos. A daminar 2015 ɗin nan na ɗauko jitata bayan ta yi shekaru a rataye.

In mahaifinka ya amince, ga inda za ka fara. Ka ajiye maganar gudun yatsa. Ka rera layi ɗaya da Hausa, kowane iri, ko kiran da kake yi wa yaranka a gona ne. Ka yi shiru. Sannan ka nemi wannan layin a kan tsirkiya ɗaya tak, da hawansa da saukarsa, har wanda ke bayan katanga ya iya gane abin da jitar ta ce. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu ma da shi yake magana, don haka kana da gatan da yaran Ingila ba su samu ba. In za ka tura tsirkiya sama, ka sa yatsa uku su taimaki juna, kada ka bar wa ɗaya, kuma ka sa tsirkiyoyi sirara tukuna har fatar yatsunka ta yi kanta. Tunda tsohuwa ka saya, ka duba wuyanta da kyau, domin hunturunmu yana busar da katako ya lanƙwasa shi, tsirkiya ta yi nisa da wuya har dannawa ta zama azaba. Kada ka jingine ta a ɗakin kwano da rana, ka naɗe ta da zane ka kwantar a ƙarƙashin gado. In ka ga ta riga ta lanƙwashe, ka aiko mini da hotonta ta gefe, daga kai har gindi, in gani ko mai gyaruwa ce.